Ƙarar Zarto a Waya

Da annoba ta shigo aka sa dokar kulle, abin da asibitin ya fara yi shi ne raba ma'aikatansa gida biyu: waɗanda ake tsoron za su mutu idan sun kamu, da waɗanda ake zaton za su tashi. Sista, babbar nas, ta faɗa kashin farko. Shekararta hamsin da tara, ga ciwon suga, ga hawan jinin da ta daɗe tana ɓoye wa ofis. Aka ɗauke ta daga sashen kunne da hanci da maƙogwaro, inda ta shekara talatin da ɗaya, aka kai ta wani ɗan ɗaki a bayan ma'ajiyar fayil. Tebur ɗaya ne a ciki, da fanka mai ciwon wuya wadda ba ta juyawa sai hagu, da wayar tarho, da fayil arba'in da uku na masu sankarar kai da wuya da aka ɗage wa tiyata.

"Hutu muka ba ki, Mama," in ji Likitan Wuya, ranar da ya rako ta. Tun yana ɗalibi ita ta koya masa yadda ake riƙe almakashi, shi ya sa har ya yi furfura bai daina ce mata Mama ba.

"Hutun jaki da kaya a ka," ta ce. "Je ka, kada ka shafa mini abin da ka kwaso."

Ɗakunan tiyata huɗu ne a asibitin. Uku an mayar da su wurin kwantar da masu korona da ba sa iya numfashi da kansu, an kwashe masu ba da maganin barci an kai can. Guda ɗayan da ya rage kowa na rububinsa: masu haihuwa, masu karaya, masu ciwon ciki. Sashensu ya samu ranar Alhamis, mutum ɗaya a mako. Kuma duk cikin tiyata tasu aka fi tsoro, don a hanci da maƙogwaro cutar take zama, wanda ya yanka wurin kuwa a fuskarsa komai zai fantsama. Hatta siririyar robar nan mai fitila da ake zurawa ta hanci a leƙa maƙogwaro an hana taɓa ta sai da larura. An ƙwace musu ido ke nan, an bar su da kunne.

Sai kwamiti ya fito da fom mai tambaya biyar, kowace amsarta i ko a'a. Ranar Talata Sista ta kira marasa lafiya ta cike, ranar Laraba kwamiti ya zauna ya zaɓi wanda zai hau gadon Alhamis ta mako mai zuwa. Ana cewa mahaƙurci mawadaci. Duk wanda ya fara faɗin haka bai taɓa bin layin asibiti ba. Masu 'ya'ya masu baki, waɗanda ke kira sau goma a wuni suna zagi suna kuka, fayilansu suka riƙa hawa sama. Masu godiya suka yi ta gangarawa.

Fayil na goma sha bakwai na Kafinta ne. Wata biyar muryarsa tana dishewa, yana cewa ƙurar katako ce, kafin a gano tsiro a igiyar muryarsa ta hagu. An sa masa tiyata ranar Litinin, aka rufe gari ranar Juma'ar da ta gabace ta. Aikin da aka shirya ƙarami ne: a yanke wurin da ya lalace a bar masa sauran, ya ci gaba da magana ko da muryar za ta koma kamar ta tsohon rediyo. Amma wannan aikin yana da wa'adi. Idan tsiron ya haura ɗaya gefen, ba sauran ragi, sai a cire maƙogwaron ɗungurungum, mutum ya ƙare rayuwarsa yana numfashi ta rami a wuya, ba murya.

Sista tana tune da shi sarai. Zuwansa na farko ya zauna a bencin jira, bencin ya yi gurgunta, ya tashi ya kifa shi a gaban jama'a yana tsine wa wanda ya haɗa shi. Zuwa na biyu ya taho da gam da ƙusa a aljihu.

Amma ba shi ke ɗaukar waya ba. Likita ya ce ya hutar da murya, matarsa kuwa ta riƙe wannan umarnin kamar ita aka naɗa ta tsare shi.

"Sista, ina kwana? Ya aiki? Ya wannan hali da muka samu kanmu?"

"Sai godiya, 'yar'uwa. Maigidan yana cin abinci?"

"Yana ci."

"Haɗiya da zafi?"

"Kaɗan-kaɗan, ba na tashin hankali ba."

"Jini fa?"

"Babu."

"Ya rame?"

"To, kowa ma ya rame."

"Wahalar numfashi?"

"A'a, a'a. Babu wannan. Ko kaɗan."

Daga nan sai addu'a, Allah ya tsare ku, Allah ya raya zuri'a. A cikin kira arba'in da uku, wannan ne kaɗai Sista ke ajiye waya ba kanta na sarawa ba.

A mako na biyar ta ji wata ƙara a bayan muryar matar. Ƙiii, shiru. Ƙiii, shiru. Zarto a jikin katako. Ta yi murmushi ita kaɗai, ta ce wannan mutum ko a kabari sai ya gyara wa maƙwabcinsa ƙofa. Fom bai bar wurin irin wannan ba, sai ta rubuta a gefen takarda da jan biro: Yana aiki, da ƙarfinsa. A mako na shida ta sake ji, ta sake rubutawa. A zaman kwamiti na wannan makon fayil biyu suka rage a tebur, nasa da na wani dattijo. Likitan Wuya ya karanta jan rubutun, ya ce tunda Mama ta ce yana aiki, zai iya ƙara jira.

Mako na bakwai, da hantsi, bayan ta gama tambayoyi biyar ɗin ta samu amsoshi biyar ɗin da ta saba samu, sai ta ce bari ta ɗan yi wasa.

"Ki ce wa maigidan ya tausaya wa katakon nan haka. Wai wa yake yi wa aiki ne, gari a rufe?"

Matar ba ta amsa ba.

Ƙarar kuwa ba ta tsaya ba. Yanzu da ba muryar kowa a kanta, sai Sista ta ji ta tsirara. Zarto yana ci ne in an tura, ya yi ƙara in an jawo, ba ya hutawa daidai wa daida kamar mai ƙirga. Wannan kuwa tana zuwa ne sau ɗaya, doguwa, siririya, sannan shiru gwargwadon fitar numfashi. Hannunta ya kai kan agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta tun kafin ta ba shi izini. Ashirin da takwas a minti.

"Shagon a kulle yake tun ranar da aka sa doka, Sista," in ji matar a hankali. "Zarton ma yana can."

Sista ta san wannan ƙarar fiye da yadda ta san muryar 'ya'yanta. Ƙarar iska ce tana neman hanya ta maƙogwaron da ya kusa toshewa. Ɗalibai nawa ta tsayar a bakin gado ta ce musu, duk ranar da kuka ji wannan, ko jariri ne a hannunku ku ajiye shi ku ruga? Da a ɗakin marasa lafiya ne, daga ƙarshen baranda za ta gane ta. Amma an ce mata kafinta ne, sai kunnenta ya kawo mata zarto.

"Yaya yake kwana?"

"A zaune."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana goma sha shida."

"Haba, baiwar Allah! Sau nawa na tambaye ki?"

Sai matar ta fashe, magana tana tuntuɓe da magana. Maƙwabcinsu, mai gyaran famfo, haka ya fara, numfashi. 'Ya'yansa suka kira lambar da ake faɗa a rediyo. Mota ta zo da mutane cikin fararen kaya, ba a ganin ko idonsu, suka ɗauke shi. Ba wanda ya sake ganinsa, ko gawar ba a ba su ba. "Kullum rediyo cewa yake mai wahalar numfashi a kira. Ke ma tambayarki ke nan, kalma ɗaya ba ki canza ba. In na ce miki i, su za ki turo mini. Na ce gara ya mutu ina riƙe da hannunsa."

Sista ta dubi fom ɗin. Gaskiya ne, tambaya ta biyar da sanarwar rediyo uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Malamai shida masu digiri suka zauna suka tsara ta, ita ta bakwai ta karanta ta sau ɗari uku, ba wanda ya tsaya ya ji yadda take sauka a kunnen matar da ke zaune a gida.

"Saurara," ta ce. "Ba su zan turo ba. Ba korona ke damunsa ba, tsiron ne ya toshe hanya. Zan turo mota, ni da kaina zan tsaya a ƙofa in karɓe shi. Ba shi wayar."

Aka yi ta motsi, sannan ƙarar ta matso har cikin kunnenta.

"Sista," ya ce. Kowace kalma sai ya saye ta da numfashi guda. "Ba laifinta... ba ne. Ni na ce... ta yi shiru."

"Ku biyun duka zan yi wa bulala. Kada ka kwanta, kada ka ƙara magana. Sa takalmi."

An hana ta hawa bene, ta hau. Ta tarar da Likitan Wuya a bakin ɗakin canza kaya, ƙafa ɗaya cikin rigar kariya.

"Mama! Me kike yi a nan? So kike a kore ni?"

Ta miƙa masa fayil ɗin a buɗe, yatsanta a kan jan rubutun. "Karanta."

"Na karanta tun makon jiya. Yana aiki."

"Ba ya aiki. Numfashinsa na ji, na ce zarto ne."

Ya dube ta, ya dubi takardar. Ita kuwa da ya zage ta da ta fi jin daɗi. Ya tambayi numfashi nawa a minti, ta faɗa masa. Ya ce a kawo shi yanzu.

Motocin ɗaukar marasa lafiya duk suna hannun masu korona, kuma ko da akwai, ta yi alkawarin ba su za ta tura ba. Sai ta tuna da motar wanki, wadda ke kai zannuwan gado ta dawo da su, tana da takardar wuce shingen jami'an tsaro. Direban ya fara cewa ba aikinsa ba ne. Ta tuna masa wanda ya ciro ƙayar kifi daga maƙogwaron 'yarsa. Ya ɗauki makulli.

Rana ta take tsaka motar ta dawo. A ƙofar asibiti an ja layuka da farin fenti, taku biyu-biyu, maigadi yana auna zafin goshi da wata na'ura kamar bindigar wasa, an kuma kafa allo: Ba a shiga da 'yan rakiya. Sista ta tsaya a wurin kamar yadda ta ce, amma cikin farar rigar kariya, da takunkumi, da gilashi, irin shigar mutanen da suka ɗauke mai gyaran famfo sak. Matar ta sauko daga mota, ƙarama ce, siririya, da ledar kaya a hannu. Tana ganin farin kaya ta koma ta tare ƙofar motar da jikinta.

"Ni ce, 'yar'uwa. Maigidan yana cin abinci?"

Matar ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka, ta matsa gefe.

An sauko da shi a kan keken marasa lafiya. Mutumin da ya kifa benci da hannu ɗaya ya koma kamar a hure shi. Duk jan numfashi sai ramin wuyansa ya lotsa ciki. Maigadi ya sa sanda ya tare matar, cikin ladabi, yana ba ta haƙuri. Ta tura wa Sista ledar, ta ce akwai hularsa a ciki, ba ya son zama ba hula.

Likitan Wuya ya zura robar mai fitila ta hancinsa, gilashin fuskarsa yana ta yin hazo yana gogewa da gwiwar hannu. Bai daɗe ba. Ya janye Sista gefe.

"Ya haura. Igiyar hagu ba ta motsi sam, ta dama ma ya kama ta. Hanyar da ta rage ba ta fi bututun biro ba. Yau zan huda masa wuya in sa roba ya samu iska, wannan na gaggawa ne, ba mai hana ni. Alhamis in cire maƙogwaron."

"Duka?"

"Duka."

"Alhamis ta malamar nan ce, mai sankarar harshe."

"Na sani. Za ta ƙara mako ɗaya. Ke kuma za ki kira ta ki faɗa mata."

Sista ta gyaɗa kai. Sannan ta yi tambayar da ta hau bene da ita, ta sauko da ita. "Da makon jiya ne, ko wancan?"

"Mako bakwai da suka wuce, da na ce miki i, da bakina. Mako biyu..." Ya ɗaga kafaɗa cikin rigar roba. "Mama, ni likita ne, ba ɗan duba ba."

Shi da kansa ya durƙusa gaban keken ya yi wa Kafinta bayani, bai tauna ba, bai ɓoye ba. Kafinta ya saurara kamar mai jin ƙorafin wanda ya kawo masa aiki.

"Ba gyara... sai canji?"

"Ba canji ma, Baba. Cirewa."

"Zan... rayu?"

"Ina sa rai ƙwarai. Za ka ci abinci, za ka yi tafiya, za ka riƙe guduma. Magana ce dai. Da zarar na sa robar nan yau, da wuya ka sake yin ta yadda ka saba."

Kafinta ya rufe ido, ya buɗe. Ya ɗaga hannu ya kai kunne, alamar waya.

Sista ta zura wayarta ta hannu cikin leda, ta kira, ta ƙara sauti, ta riƙe masa kusa da baki. Bugu ɗaya aka ɗauka. Likitan Wuya ya ce minti biyu, ya juya baya yana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

"Ke," in ji Kafinta.

"Na'am, Malam."

"Za su... cire muryar."

Ta cikin wayar ana jin ƙarar wata mota tana wucewa ta ƙofar asibiti.

"Shekara talatin... kina cewa... ba na barin ki... ki yi magana." Ya tsaya ya ja iska, ƙiii. "To... ga fili."

"Ni ban so ba," in ji matar. "Wa ya ce maka ina so? Riƙe abinka."

"Ki yafe... faɗan da... na yi ta yi."

"Faɗan me? Wa zai riƙa zagin masu gyaran kujera a gidan mutane yana ba ni kunya? Malam, ka ji ni? Malam?"

Ya buɗe baki, iskar ba ta isa ba. Ya sake gwadawa, ya kira ta da wani suna gajere, wanda ba shi ne a rubuce a fayil ba, wanda Sista ta tabbata ko 'ya'yansu ba su san shi ba. Likitan Wuya ya ce lokaci ya yi. Aka tura keken, ƙofar ɗakin tiyata ta rufe. Nan iyakar Sista, masu suga ba sa wucewa.

Ta cire kayan kariyar bi da bi yadda doka ta ce, safar hannu, riga, gilashi, takunkumi, tana wanke hannu tsakanin kowanne. Ta sa sabon takunkumi ta jira a baranda, a tsaye, har wata ƙaramar nas ta leƙo ta ɗaga mata babban yatsa: robar ta shiga, yana numfashi. Sannan ta sauka.

Matar tana zaune a kan dakalin gefen ƙofa, maigadi ya ba ta inuwar rumfarsa. Sista ta ƙirga layin fenti, ta zauna a ɗaya ƙarshen dakalin.

"Yana numfashi. Ba ƙara, ba wahala. Yau zai kwanta a bayansa."

Matar ta yi hamdala ta shafa fuska.

"Sista, ki faɗa mini don Allah. Da na ce miki i tun farko, da an bar masa muryar?"

Akwai amsar da ake bayarwa a nan, Sista ta bayar da ita ga mutane ba adadi: haka Allah ya ƙaddara, ba laifin kowa. Amsa ce mai kyau, tana sa a yi barci. Amma ta lura waɗanda aka ba su ita sukan dawo bayan shekara da tambayar tana nan yadda take.

"Ban sani ba," ta ce. "Likitan ma bai sani ba. Ranar da aka sa masa tun farko, da an yi, da yana da murya. Wannan ba ke kika ɗage ba. Bayan nan kuma, ni na ji numfashinsa a waya mako biyu da suka wuce. Na ɗauka zarto ne. Na rubuta yana aiki, aka karanta, aka ba wani gadonsa."

Matar ta juyo ta dube ta sosai, karo na farko.

"Ke ma?"

"Ni ma."

Ba ta ce ta yafe ba, Sista kuma ba ta roƙa ba. Motar wanki ta fito da zannuwa, maigadi ya ɗaga mata sanda ta wuce.

"To yanzu," in ji matar, "idan yana ɗaki ina tsakar gida, abu ya same shi, yaya zan sani?"

"Ƙararrawa za ki ajiye masa a gefen gado, ko cokali da kwano. Ba zai ji warin hayaƙi ba, ko na gas, ke ce hancinsa. Wanka kuma ruwa ba zai wuce kafaɗa ba, don ramin kai-tsaye huhu yake zuwa. Robar ana ciro ta a wanke sau uku a rana, ba wuya, hannu ne zai saba."

"A ina ramin zai kasance?"

Matar ta fara matsowa. Sista ta ɗaga mata hannu.

"Tsaya daga nan. Dubi nawa." Ta janye wuyan rigarta, ta ɗora yatsa a kan ɗan lotsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙirji. "Nan. Taɓa naki ki ji. Sama kaɗan. Yawwa, nan. To, da hagu za ki riƙe fatar, da dama ki jawo robar, a hankali, tana lanƙwasa ƙasa. Gwada in gani."